Gwajin wake ya lalace a kwana na 42: yadda aka tayar da rukunin ɗalibai biyar a Maraɗi

Ɗalibin lisans, wato digirin farko, a Nijar yana yin shekara uku, zango shida, kuma mafi yawan wannan lokaci a zaune yake: malami ya karanta, shi ya kwafa, ranar jarrabawa ya mayar. Sai a shekarar ƙarshe a ce ya fita ya yi aiki da hannunsa, ya rubuta memwar, wato rahoton bincikensa na kammala karatu, ya kāre shi a gaban alƙalai. A nan ne da yawa suke fara gamuwa da abin da takardar darasi ba ta faɗa musu ba, wato ka yi komai yadda ka zaci daidai ne, abin kuma ya ƙi. Lamarin da za mu bi daki-daki irin wanda masu kula da memwar a fannin noma suka saba gani ne, kuma ba mu sa sunan kowa ba.

Ɗalibai biyar ne, maza huɗu da mace ɗaya. Batunsu adana wake, kuma a Maraɗi wannan ba baƙon batu ba ne. Bayan Najeriya babu ƙasar da ta kai Nijar noman wake a duniya, kuma masu binciken ƙwari na cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, da ke Tarna suna cikin waɗanda suka yi aiki da jami'ar Purdue ta Amurka a kan buhu mai ninki uku (leda biyu a ciki, buhun saƙa a waje), wanda aka fara yaɗawa a Afirka ta Yamma daga 2007. Jami'ar garin, wadda aka kafa a 2010 kuma take ɗauke da sunan Ɗan Dikko Ɗankulodo, tana da tsangaya guda ta noma da muhalli, don haka ɗalibi ba ya rasa wanda zai tambaya. Ƙwaron wake kuwa kowa ya san aikinsa: macen tana manna ƙwai a jikin wake tun daga gona, tsutsa ta huda ta shige ciki ta yi ta ci, bayan mako uku zuwa huɗu in da zafi ta fito da fiffike ta bar rami zagayayye. Buhun da ka ɗaure da kaka kana ganinsa lafiya, kafin bazara ya koma gari da wari.

Tsarin da suka fara da shi

Kowa ya kawo jika biyar, wato sefa dubu biyar, aka haɗa jika ashirin da biyar. A mako na biyu na Nuwamba suka sayi tiya 24 na wake, kimanin kilo 60, wurin ƴan kasuwa biyu saboda na farko bai da abin da zai isa. Suka raba shi mazubi goma sha biyu, kowanne tiya biyu. Uku a buhu mai ninki uku, uku a bido, wato jarkar mai ta lita 20, uku an cakuɗa su da toka, uku kuma a buhun saƙa na kullum ba tare da komai ba, don a samu abin kwatantawa. Kowace Asabar suna buɗe dukansu, su ɗebi wake ɗari, su ƙirga masu rami. Kuɗin duk ya tafi a makon farko na aikin: wake, buhuna, bido, kuɗin adaidaita.

A takarda tsarin ya yi kyau, malamin da ke kula da su ma ya sa hannu. Wannan kuskurensa ne, kuma daga baya ya faɗa musu haka da bakinsa.

A kwana na 42 abin da ke gabansu ya saɓa wa duk abin da suka karanta. Bido uku cike da ƙwari masu rai. Buhu mai ninki uku, wanda ya kamata ya fi kowa, biyu sun kamu. Cikin buhunan da ba a sa wa komai ba, biyu sun lalace kamar yadda ake zato, na ukun kuma tas, ko rami ɗaya bai ƙaru ba. Toka ce kaɗai ta riƙe.

Rukunin ya watse kafin waken ya gama lalacewa. Wanda ya kawo shawarar bido ya daina zuwa, ya daina ɗaukar waya, saboda kunya. Wani ya koma tuƙa kabu-kabu daga azahar zuwa dare, domin kuɗin tallafin karatunsa bai fito ba kuma gidan haya yake. Wani ya ce a bar batun a nemi mai sauƙi. Na huɗun ya faɗi abin da sauran suke tunani ba su furta ba: Malam ba zai zauna ƙirga wake ba, a gyara lambobin su yi daidai da na littattafai.

Wannan shawara ta ƙarshe ita ce wurin da ake rasa ɗalibi, kuma yana da kyau a fahimci daga ina take fitowa. Yaron da ya shekara goma sha biyar ana ba shi maki a kan amsar da ta dace da ta malami, in gwajinsa ya ba shi wata amsa daban, abin da zai fara ji shi ne ya faɗi. Wa'azin gaskiya da riƙon amana ba ya cire wannan tsoro. Abin da ke cire shi shi ne ya tabbata sakamakon da ya ƙi ma yana da maki, in dai ya iya gano dalili.

Abin da malamin ya yi

Ɗalibar ce ta je ofishinsa.

"Malam, aikin ya mutu."

"Me kuka gani?"

"Ƙwari ko'ina."

"Ko'ina ba lamba ba ce. Jibi da safe ku kawo mini wake ɗari daga kowane mazubi, a leda daban-daban, da littafinku. Ku biyar nake so, har da wanda ya ɓuya."

Bai bari kwana biyu ta wuce ba, kuma da gangan. Rukunin da ya yi mako biyu bai haɗu ba bayan ɓarna, kowa ya riga ya gina labarinsa na wanda ya jawo, haɗa su kuma sai ya koma shari'a. Da suka zo bai tambayi wa ya kawo shawarar me ba. Ya shimfiɗa ledoji goma sha biyu a tebur, ya sa aka ja layi uku a littafi: abin da muka zata, abin da muka gani, abin da zai iya raba su. Ya kuma gaya musu tun kafin a fara cewa zagayen farko zai shiga memwar a matsayin babi, da sanin sa, kuma shi zai tsaya musu a gaban alƙalai a kansa. Da wannan maganar shawarar gyara lambobi ta mutu da kanta, ba tare da an kira sunan mai ita ba.

Sai tambaya ɗaya: me ya sa toka ta riƙe, alhali ita ma kowace Asabar ana buɗe ta?

An yi shiru mai tsawo. Malamin da ya san aikinsa yana jure wannan shirun, domin in ya ba da amsa ya mayar da su aji. Daga ƙarshe mai bido ne ya yi magana. Toka ba ruwanta da iska, cike take gurbin da ke tsakanin ƙwayoyin ta hana ƙwaro yawo da barbara. Bido da buhu mai ninki uku kuwa da rashin iska suke kisa: ƙwarin da ke ciki su shanye iskar da aka rufe da ita, su daina ci, su bushe su mutu. Su kuma duk Asabar suna buɗewa su zuba musu sabuwa. Sau shida suka ceci ƙwarin da hannunsu.

Da aka samu bakin zaren sauran suka biyo. Bidon lita 20 yana cin wake wajen kilo 15, su sun zuba kilo biyar, kashi biyu cikin uku na bidon iska ce zalla. Da suka hura ledojin ciki na buhunan suka murɗe baki suka danna, ɗaya tana fitar da iska ta wani ɗan tsagi a gindi, inda tsakuwa ko ɓawon wake ya soke ta, domin ba su tankaɗe waken ba kafin zubawa. Saura buhun nan da ya ƙi lalacewa. Aka tura mutum biyu kasuwa.

"Baba Alhaji, waken nan da ka sayar mana, an sa masa magani?"

"Ɗana, wa zai ajiye wake ba magani? Ƙwaya na sa masa tun da ya iso."

Phostoxin ke nan, ƙwayar maganin kashe ƙwarin ajiya. Waken ɗan kasuwa na biyu ya zo babu mai rai a cikinsa, kuma tunda ba su gauraya na mutum biyun ba, wasu mazuban sun fara da ƙwari fal, wasu sun fara da sifiri. Ko da ba a buɗe komai ba, gwajin ba zai iya faɗin gaskiya ba.

Dalili huɗu ke nan, kuma babu ɗaya da ke cewa wane ba shi da ƙwaƙwalwa. Ɗalibin da ya ce "ban iya bincike ba" ba shi da abin da zai yi gobe da safe. Wanda ya ce "mun buɗe mazubin da bai kamata a buɗe ba" yana da shi. Rabin aikin mai kula da memwar a irin wannan rana shi ne ya kai su daga maganar farko zuwa ta biyu.

Kafin su tashi ya ba su aikin da ba zai ci ko dala ba: gorar ruwa biyu ta lita ɗaya da rabi, a zuba musu waken da ya kamu sosai, ɗaya har wuya, ɗaya kashi ɗaya cikin uku, a toshe, a ajiye inda kowa zai gani. Cikin kwana goma motsi ya tsaya a cikakkiyar gorar, ɗayar kuwa ana ta hawa da sauka a bangonta. Albert Bandura, masanin halayyar ɗan Adam, ya nuna tun 1977 cewa abin da ya fi ƙarfafa yardar mutum da iyawarsa shi ne ya yi abu da kansa ya ga ya yiwu, kuma kalaman ƙarfafa gwiwa ba su kai wannan tasiri ba. A nan gida ana cewa gani ya kori ji. "Ku yi haƙuri" da muke yawan gaya wa ɗalibai magana ce mai kyau, amma sau da yawa abin da suke ji a cikinta shi ne ku zauna ku jira.

Sabon tsari ba tare da sabon kuɗi ba

Matsalar yanzu a fili take: ana son a san abin da ke faruwa a cikin mazubi a kan lokaci, ba a son a buɗe shi, kuma babu kuɗi. Malamin ya hana a tattauna nan take. Ya ce kowa ya je ya rubuto hanya uku a takarda, ba suna, a kawo ranar Laraba. Dalilinsa na gida ne. A zaman samarinmu, in babba ko mai baki ya riga ya faɗi ra'ayi, ƙarami ba zai saɓa masa ba, mace ɗaya a cikin maza huɗu kuma sai ta ga shiru ya fi mata. Takarda goma sha biyar ba suna sun fi awa biyu na musu. Ya kuma ce a karanta duka kafin a soki ko ɗaya, domin wanda aka yi wa dariya a shawarar farko ba ya kawo ta biyu.

Mafi yawan shawarwarin ba su kai ko'ina ba. Wani ya ce a sayi na'urar auna iska, wadda kuɗinta ya ninka na gwajin duka. Amma a cikinsu akwai wadda ta warware ƙullin: maimakon mazubi babba da za a yi ta buɗewa, a yi ƙanana da yawa, kowanne a buɗe shi sau ɗaya tak a ranarsa, a ƙirga, a fitar da shi daga gwaji. Hanya huɗu, kowace sau uku, rana uku na buɗewa, wato kwana na 30 da na 60 da na 90. Mazubi 36 ke nan, kowanne kimanin kilo ɗaya. Gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi tana cin kilo ɗaya da ɗan ɗori in an cika ta ana bubbuga gindinta, kuma a bakin kowane shago ana tsintarta.

Wake ma ba a saya ba. Na toka, da na Alhaji mai ƙwaya, da abin da ya tsira a buhuna, aka tankaɗe aka sheƙe aka tsince, aka samu abin da ake bukata. Aka zube shi duka a tabarma ɗaya aka gauraya sosai. Don a kashe abin da ya rage a ciki aka yi masa gashin rana: busasshiyar ciyawa a ƙasa don kada zafi ya tsere, baƙar leda a kai, wake a baje siriri, farar leda mai haske a sama, a naɗe gefuna a danne da duwatsu, awa biyu da tsakar rana. Digiri 57 na tsawon awa guda yana kashe ƙwai da tsutsa da babba. A watan Janairu da hazo rana ba ta da tabbas, ranar farko ma'aunin zafin da suka cusa cikin waken bai kai ba, sai da suka jira rana mai haske suka maimaita. Ba don ma'aunin ba da sun sake faɗawa ramin farko.

Daga nan aka mayar da ƙwari da gangan, daidai wa daida: giram 50 na waken da ya kamu a kowane kilo, daga buhunan nan biyu da suka lalace. Abin da suka yi niyyar zubarwa a bola shi ya zama irin gwajin. Aka ƙirga ramukan ranar farko aka rubuta, domin waken ba sabo ba ne.

Kowace gora sai da aka rufe ta babu komai, aka nutsa ta a bokiti aka matsa. Wadda ta yi kumfa aka jefar. Bayan cikawa aka sa gutsuren leda a ƙarƙashin murfi aka ɗiga kyandir a kewaye. Toka aka tankaɗe, mai sanyi, awo ɗaya na toka awo ɗaya na wake, a manyan gwangwanayen tumatir, aka rufe saman da tokar da ta kai kaurin yatsa biyu. Ƙananan buhuna masu ninki uku kuwa yankowa suka yi daga ledar da ba ta huje ba, kowace leda a matse iskarta, a murɗe baki, a lanƙwasa, a ɗaure ta ita kaɗai. Duka aka jera a kan katako nesa da bango saboda ɓera.

Auna danshin waken ya so ya tsayar da su, na'ura ɗaya ce kuma layi gare ta. Malamin ya tambaya me suke son sani, lamba ko kuwa ko waken ya bushe isasshe. Suka ce na biyun. To akwai gwajin gishiri: busasshiyar kwalba, wake kashi ɗaya cikin uku, cokali biyu na busasshen gishiri, a girgiza, a bari minti goma sha biyar, a sake girgizawa. In gishiri ya manne a bango da sauran danshi. Sharaɗin da ya sa musu shi ne su rubuta a memwar cewa wannan gwaji e ko a'a yake bayarwa, kada su ƙirƙiro masa kashi cikin ɗari. Dabara irin wannan tana zuwa ne ga wanda ya san abin da na'urar ke aunawa. Wanda sunanta kawai ya haddace, in babu ita sai ya zauna.

Mutanen da ke cikin rukunin

An gyara wake, saura masu ƙirga shi. Kowane aiki aka sa mutum biyu su san shi, don rashin ɗaya kada ya tsayar da rana. Littafin takarda yana kwana wurin mazuban, duk shafin da aka cika a ɗauki hotonsa a tura rukunin WhatsApp kafin a fita ɗakin. Duk wanda ya zauna Maraɗi bayan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take turowa, ba ya bukatar a yi masa bayanin abin da ya sa ba a dogara da kwamfuta ɗaya. Ƙirga da ake yi da yamma aka dawo da ita safiya, saboda ɗalibar dole ta kasance gida kafin magariba, mai kabu-kabu kuma da yamma yake samun fasinja. Zama da malami sau ɗaya a mako, minti ashirin, tambaya uku: me ya yi, me ya ƙi, me za ku gwada kafin mu sake haɗuwa. Tambayar tsakiya ba a yarda a amsa ta da "babu komai".

Akwai iyaka ga duk wannan. Da malamin ya keɓe da mai kabu-kabu ya gano sau ɗaya yake cin abinci a rana. Yi wa mai yunwa lacca a kan juriya cin fuska ne. Abin da aka iya shi ne aka ɗauke masa karo-karon kyandir da igiya da buga takardu, shi kuma ya riƙe jigila da babur ɗinsa. Har aka gama bai dawo yadda yake da ba, ya yi rashin ƙirgar kwana na 60, kuma babin da aka ba shi sai da wani ya kama masa. Haka kuma ɗalibin da ya wuce mako biyu ba ya barci, ba ya ci, ya janye daga kowa, ko ya fara maganar gara ya mutu, wannan ya fi ƙarfin mai kula da memwar. A raka shi wurin ma'aikacin lafiya, a kuma sanar da wani nasa.

A kwana na 30, tsakiyar Fabrairu, buhunan da ba a sa wa komai ba ƙaruwar ramukansu kaɗan ce. Da a Disamba ne da hankali ya sake tashi. Amma tun ranar rufewa malamin ya sa sun rubuta hasashensu, kuma a ciki akwai cewa sanyin hunturu, da dare ke sauka ƙasa da digiri 15, zai rage wa ƙwaron sauri. Suka buɗe shafin suka karanta, suka ci gaba. Zuwa tsakiyar Afrilu, zafi ya haura 40, buhunan sun zama abin da kowace uwar gida ta sani, gorunan kuma ramukansu na nan kusa da na ranar farko, matattun ƙwari a gindi. Suka shuka wake ɗari daga kowane mazubi a jiƙaƙƙen yashi suka ƙirga tsiro a kwana na takwas, domin manomin da ke ajiyar iri wannan ce tambayarsa ta farko.

Ranar kāre memwar alƙalai sun fi daɗewa a shafuka huɗu na zagayen farko fiye da sakamakon ƙarshe, kuma mai bido ne ya amsa. Inda suka matse su shi ne ƙananan buhunan. Ɗaya daga cikin alƙalan ya tambaya ko buhun kilo ɗaya da aka yanko da almakashi zai iya magana da bakin buhun kilo ɗari, alhali yawan ledar da ke kewaye da kowane kilo ba ɗaya ba ne.

"Ba zai iya ba, Malam. Mun rubuta haka a shafi na ƙarshe. Kuɗinmu bai kai mu gwada babban ba."

Malamin ya ajiye wannan tambaya ga rukunin baɗi. A takardar da zai ba su ya ƙara layi biyu da babu su a ta bara: a yi gwajin gora biyu na kwana goma kafin a sayi ko tiya ɗaya, kuma a raba kuɗi uku, kashi ɗaya ya zauna a hannun ma'aji har sai an wuce ƙirgar farko.